Fim ɗin Indiya na zumunci da za a iya kallo da iyaye, a taimaka da shawara

'Yar Gwale: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah taimako nake nema. Jiya na ga wani guntun bidiyo a status ɗin wata ƙawata, wani dogon jarumi ne a tashar jirgin ƙasa yana yi wa wata mata magana yana hawaye, ita kuma ta haɗe rai tana sauraronsa, ba fassara ba komai amma wlh sai da jikina ya yi sanyi. Na tambayi ƙawar tawa ta ce ita ma turo mata aka yi. Jarumin dai shi ne mugun nan na fim ɗin ƙuda. Wa ya san sunan fim ɗin? Kuma ina son ku ƙaro min irinsa na iyali, wanda zan iya kunna wa Mama mu kalla tare a falo ba sai ina riƙe da rimot ina tsallake wurare ba.

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sudeep kike nufi, shi ne ya fito a mugu a Eega na Rajamouli a 2012, kuma shi ne bos ɗin Dabangg 3. Fim ɗin da kika gani Ranna ne, 2015, da yaren Kannada. Matar kuma Madhoo ce, ta Roja da Phool Aur Kaante, in Mama ta yi kallon Indiya a da tana ganinta za ta gane ta. Amma fa ki sani ba su ne asalin masu labarin ba, maimai suka yi. Na asalin na Telugu ne, Attarintiki Daredi na Pawan Kalyan, 2013, Trivikram Srinivas ya rubuta ya ba da umarni. Ni shawarata ki fara da na asali.

'Yar Gwale: Kai na gode Yaya, Allah ya saka. To menene labarin a taƙaice? Kar dai a ƙona min ƙarshe.

Ɗan Kurmi: Wani tsoho ne mai kuɗin gaske yana zaune a Turai, a na Telugu ɗin birnin Milan ne na Italiya. Shekaru da yawa baya ya kori 'yarsa daga gida saboda ta auri wanda ba ya so. Yanzu tsufa ya zo, ciwo ya zo, ba abin da yake so a duniya irin ya sake ganinta, sai jikansa ya ɗau alkawarin zai je ya dawo masa da ita. Yaron ya sauka Indiya ya ɓoye ko shi waye ya kama aikin direba a gidan gwaggon tasa. Daga nan sai ki kalla da kanki.

Anti Mai Atamfa: Allah sarki, wannan fim ɗin. Ni na Sudeep ɗin na fara gani kuma har yau shi na fi so, duk abin da Ɗan Kurmi zai faɗa. Prakash Raj ne kakan, kuma mutumin nan in ya zauna ya yi shiru yana kallon hoton 'yarsa ba sai ya ce komai ba kin san akwai nadama a cikinsa. 'Yata ki kunna wa Mamanki ba fargaba, waƙoƙin ne kawai za ki ɗan wuce guda biyu uku saboda shigar 'yan matan, sauran duk lafiya lau.

Bazazzagi: Anti da girmanki amma gaskiya a nan ban bi ki ba. Na Telugu ya fi nesa ba kusa ba. Nadhiya da ta fito a gwaggon ita ce ta riƙe fim ɗin, mace ce mai kwarjini, in ta shigo falo kowa sai ya gyara zama, kallo ɗaya za ta yi wa Pawan Kalyan ka ga ya koma yaro. Madhoo ta yi ƙoƙari ba a ce ba ta yi ba amma fuskarta akwai taushi, kana ganinta ka san za ta sauko. Ita kuwa Nadhiya har aka zo tashar jirgin ban yi zaton za ta haƙura ba. Ga Boman Irani a kakan, ga Samantha da Pranitha a 'ya'yan gwaggon, ga Brahmanandam, ga kiɗan Devi Sri Prasad. Fim ɗin da aka saci kusan rabinsa aka watsa a intanet kwanaki kaɗan kafin ya fito amma duk da haka mutane suka cika sinima, ai ka san ba ƙaramin abu ba ne.

Anti Mai Atamfa: Taushin fuskar nan da kake raina shi ne gaskiyar lamarin ɗana. Macen da uba ya kora ba ƙiyayya ce zalla a ranta ba, kewa ce ta daskare. Ni na ga irin haka a gidanmu da idona shi ya sa na Madhoo ya fi kama ni.

Ɗalibi a Bengaluru: Salam jama'a, na ga ana maganar garinmu na aro dole in sa baki. Shekarata uku a nan ina karatu. Abin da mutane da yawa a gida ba su sani ba shi ne kudancin Indiya ba masana'anta ɗaya ba ce, duk muna haɗa su mu ce "'yan kudu" ko mu ce Tamil. Telugu cibiyarsu Hyderabad, jihohin Andhra Pradesh da Telangana. Kannada kuma yaren jihar Karnataka ne, cibiyarsu nan Bengaluru, ana ce wa masana'antar Sandalwood, ofisoshin masu fim da masu rarrabawa da yawa suna wata unguwa Gandhinagar kusa da babbar tashar Majestic. Rubutun yarukan biyu ya yi kama sosai, baƙo ba zai bambance allon shago na Telugu da na Kannada ba, amma magana daban ce.

Dalilin da ya sa kuke ganin Kannada sun yi ta maimaita fina-finan Telugu shi ne tun wajen shekarun 1960 masana'antar ta hana a ɗora muryar Kannada a kan fim ɗin wani yare. Ba doka ce ta gwamnati ba, ƙungiyoyin 'yan fim ne suka tsaya a kai don su kare sana'arsu, lokacin masana'antar tana ƙarama suna tsoron in aka bari fina-finan Madras, wato Chennai ta yanzu, za su cinye kasuwar. To in fim ya yi kasuwa a Hyderabad kuma kana so mutumin ƙauye a gundumar Mandya ko ta Hassan a nan Karnataka ya ji shi da yarensa ba ka da hanya sai ka sayi izinin labarin ka sake ɗauka da jarumanka. Sai a 2015 hukumar da ke kula da gasar kasuwanci ta Indiya ta yanke cewa hanin ya saɓa ƙa'ida har ta ci tarar ƙungiyoyin, daga baya a hankali aka fara sakin manyan fina-finai da muryar Kannada, shi Dabangg 3 ɗin ma a 2019 an sake shi da Kannada.

Malamin Firamare: Ikon Allah. Wato abin da mu a nan muka mayar sana'a, ɗora muryar Hausa a kan fim ɗin Indiya, su can shekara hamsin suna faɗa a kansa. Kuma in ka duba damuwar iri ɗaya ce da wadda 'yan fim ɗinmu suka yi ta yi lokacin da fassara ta shigo kasuwa, cewa za ta kashe musu ciniki.

Ɗalibi a Bengaluru: Sosai Malam. Wani abin kuma da zai ba ku sha'awa shi ne sunan fim ɗin. Wani abokin karatuna ɗan Telugu ya fassara min, Attarintiki Daredi kamar ka ce "ina hanyar gidan atta", kuma atta a yarensu kalma ɗaya ce ga gwaggo da kuma suruka uwar mata. A Kannada atte suke cewa, ma'ana ɗaya. Saboda a al'adar kudu ɗan namiji yana auren 'yar gwaggonsa ko 'yar kawunsa, gwaggonka ita ce surukarka tun ba a yi auren ba. Shi ya sa a fim ɗin jarumin yake soyayya da 'yar gwaggonsa ba wanda ya ga abin mamaki. A arewacin Indiya yawancin Hindu ba sa yin haka, ɗan gwaggo ɗan'uwa ne kawai.

Ummu 'Yan Biyu: Auren zumunci kenan sak! Kuma har da wasan taubasai, na lura a fina-finan Telugu yarinya tana tsokanar ɗan gwaggonta tana ce masa bava tana masa rashin kunya ba mai tsawata mata. Wlh ni shi ya sa na fi jin 'yan kudu a raina fiye da na Bombay na yanzu, gidan gandu, tsakar gida, kaka tana ba da umarni, matan 'yan'uwa a madafi ɗaya ana 'yar tsama. Kamar gidan kakana a ƙauye kafin a raba.

'Yar Gwale: Kun ga abin da ya sa bidiyon ya tsaya min kenan ashe. Bari in faɗa muku gaskiya tunda ba wanda ya san ni a nan. Babanmu da ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya shekara goma sha ɗaya ba sa magana, a kan rabon gidan gado ne. Ina firamare aka yi abin. Gwaggon nan ita ta yi min kitson sallata na farko da nake iya tunawa, tana zaunar da ni tsakanin ƙafafunta tana ba ni gyaɗa don kar in yi kuka. Yanzu unguwa biyu ce tsakaninmu amma sai dai in hango ta a gidan biki mu gaisa a tsaitsaye kamar baƙi. Da Yaya Ɗan Kurmi ya faɗi labarin sai da na ajiye wayar na ɗan jima. Tunanina in kunna shi ranar da Baba yake gida ko Allah zai sa wani abu ya taɓa shi.

Anti Mai Atamfa: Allah sarki 'yata, Allah ya daidaita su. Amma ki saurare ni da kyau. Kar ki zaunar da Babanki ki kunna masa kamar kin shirya masa wa'azi, manya suna ganewa nan take kuma in ya gane ke ce za ki sha faɗa, ƙila ma abin ya ƙara tauri. Ki kalla da Mamanki kawai. Ita ta san mijinta, ta san lokacin da ake masa magana da lokacin da ba a yi. In fim ɗin ya taɓa ta ita za ta san yadda za ta yi da shi. Ke kuma ba wanda ya hana ki gaida gwaggonki, faɗan ba naki ba ne, ki je ki gaishe ta ranar Juma'a ko da leda ɗaya ta lemo ce, amma ki sanar da Mama kafin ki tafi.

Malamin Firamare: Maganar Anti ita ce magana. Kuma ki lura in kin kalla, shi yaron fim ɗin ma bai shiga gidan da hujja ba, da hidima ya shiga, ya kai mijin gwaggon asibiti, ya ja mota, ya shanye wulaƙanci, sai can ƙarshe ya buɗe baki.

Bazazzagi: Kuma abin da ya faɗa a tashar shi ne ya kashe ni, lokacin da ya gaya mata abin da ya samu mahaifiyarsa a ranar da

Ɗan Kurmi: Bazazzagi tsaya nan! Ta ce kar a ƙona mata.

Bazazzagi: Afuwan ƙanwata, na yi shiru. Ki dai tanadi hankici.

Ɗan Damagaram: Sannunku da hira. Ni wanda zan ba ki shi ne Maanikya, 2014, shi ma Sudeep ne kuma shi da kansa ya ba da umarni. Maimai ne na Mirchi na Prabhas wanda ya fito 2013, fim ɗin farko da Koratala Siva ya ba da umarni. Labarin gidaje biyu ne masu gabar jini a ƙauye, uwar yaron ta ɗauke shi ta bar uban saboda ta gaji da ganin gawa, yaro ya girma bai san ubansa ba. A na Kannada Ravichandran ne uban, Ramya Krishna ce uwar, wadda kuka sani da Sivagami a Baahubali. A na Telugu kuma Sathyaraj ne uban, wato Kattappa, uwar kuma Nadhiya ɗin nan dai da Bazazzagi yake yabo. Mun kalle shi a tele da tsohuwata wani dare da kuran bai ɗauke ba, wurin da uban ya juya wa ɗan baya ya kore shi ta ce a kashe ba za ta iya ba, sai washegari muka ƙarasa. Sai dai akwai sara da adda da yawa, in Mamanki ba ta son jini ki bar shi.

'Yar Gwale: Kai Mama ko yankan kaza ba ta tsayawa kallo. Amma ni zan nema in kalla ni kaɗai, na gode Yaya.

Ummu 'Yan Biyu: To in ba a son jini sosai ga Brindavana na Darshan, 2013, daga Brindavanam na Jr NTR da Kajal da Samantha wanda ya fito 2010. Saurayi ne budurwarsa ta roƙe shi ya je ƙauye ya yi kamar shi ne saurayin ƙawarta don a fasa aura mata wani ɗan'uwanta ɗan daba, yana zuwa ya tarar uban yarinyar da ƙaninsa 'yan uba ne ba sa ga maciji, gari ya rabu biyu saboda su, tsohon ubansu yana zaune a tsakiya ba mai jin maganarsa. Wannan 'yan ubancin wlh kamar a unguwarmu aka ɗauko shi. Akwai faɗa kam amma dariya ta fi yawa. Ni a nan na Telugu na fi so saboda Prakash Raj da marigayi Srihari a matsayin 'yan uban, in suka haɗa ido kamar wuta za ta tashi.

Ɗalibi a Bengaluru: Prakash Raj ɗin nan fa ɗan Karnataka ne, a nan aka haife shi, mutanen nan Prakash Rai suke ce masa. Shi ya sa in ka gan shi a Ranna yarensa na gida yake yi. Kuma Anushka Shetty ta Mirchi ita ma 'yar Karnataka ce, haka Pranitha. Masana'antun biyu a cakuɗe suke, 'yan wasa suna tsallakawa kullum.

Ɗan Kurmi: Tunda an zo kan Darshan akwai Bulbul shi ma 2013, maiman Darling na Prabhas da Kajal. A nan Rachita Ram ta fara fitowa, ita ce kuma jarumar Ranna daga baya tare da Haripriya. Marigayi Ambareesh ne uban. Ya fi karkata ga soyayya amma akwai tsofaffin abokai da suka haɗu da iyalansu bayan shekaru, yana da daɗin kallo da yamma.

Bazazzagi: Ni fa har yanzu ban ga amfanin mutum ya kalli kwafi alhali na asali yana nan ba. Duk waɗanda kuka lissafa, Ranna, Maanikya, Brindavana, Bulbul, ka ƙara da Power na Puneeth da aka ɗauko daga Dookudu na Mahesh Babu, kusan fage da fage ake bi. In ɗinki ɗaya ne me zai sa in sayi na biyu?

Malamin Firamare: Ai tela ya bambanta ɗan'uwa. Ka ɗauki fagen tashar jirgin nan. Pawan Kalyan yana yinsa ne kamar yaron da ya daɗe yana haɗiye magana, muryarsa tana rawa, yana kallon ƙasa yana ɗagowa. Sudeep kuma murya ce da shi mai kauri, yana magana a hankali kamar babban mutum da ya durƙusa don dole, sai ka ji nauyin durƙuson. Kalmomin kusan ɗaya amma abin da ya sauka a ƙirjina daban. Kuma mu da muka taso da Sooryavansham na Amitabh ai kwafi muka so ba mu sani ba, asalinsa na Tamil ne 1997, Venkatesh ya yi na Telugu 1998, Amitabh ya yi na Hindi 1999, Vishnuvardhan ya yi na Kannada a shekarar. Wa ya taɓa cewa a mayar masa da hawayensa don ya ji kwafi ne? Haka Ready na Salman Khan, na Telugu ne 2008, kuma Puneeth ya riga Salman maimaita shi da sunan Raam a 2009.

Bazazzagi: Na yarda da na Sooryavansham Malam. Amma a Ranna ina nan kan bakana.

Anti Mai Atamfa: Ka zauna a kai ɗana, ba mai tashinka. Ni tambayata ga ɗalibinmu, su Kannada ɗin ba su da nasu ne sai aro?

Ɗalibi a Bengaluru: Suna da shi Anti, har su ma ana aro a wurinsu. Kuma wanda zan faɗa ya fi duk waɗannan dacewa da maganar 'Yar Gwale. Anna Thangi, 2005, ma'anar sunan wa da ƙanwa. Shiva Rajkumar ne wan, Radhika ce ƙanwar, Sai Prakash ya ba da umarni. Telugu ne suka ɗauka suka yi Gorintaku a 2008 da Rajasekhar da Meera Jasmine. Kafin shi ma su ukun sun yi Thavarige Baa Thangi a 2002, kamar ka ce "ƙanwata zo gida", shi ma Telugu suka maimaita da Arjun. Thavaru a wurinsu shi ne gidan iyayen mace bayan ta yi aure, kuma kalma ce mai nauyi sosai, akwai waƙoƙin gargajiya birjik a kanta, mace tana gidan miji tana kewar gidansu tana jiran wanta ya zo ɗaukarta ganin gida. Matar da nake haya a gidanta tsohuwa ce, duk ranar da aka sa ɗaya daga cikin fina-finan nan a talabijin za ka same ta zaune a ƙasa ta jingina da kujera tana tsince shinkafa a faranti tana share ido da gefen sarinta, ta kalle su ya fi sau goma. Wata rana ta ce min wanta ya rasu shekara shida kenan kuma tun daga ranar ba ta sake taka ƙauyensu ba don ba wanda zai tare ta a ƙofa.

Amma ina gargaɗi, Anna Thangi ba ya ƙarewa da daɗi ko kaɗan. Ba fim ɗin da za a kalla ana cin abincin sallah ba ne.

Ummu 'Yan Biyu: Na ga na Telugu ɗin, Gorintaku. Kwana biyu ina jin abin a raina. 'Yar Gwale kar ki fara da shi, ki fara da Ranna, aƙalla shi ana rabuwa da murmushi.

Ɗan Damagaram: A ƙara da Raajakumara na Puneeth, 2017, shi ba maimai ba ne nasu ne na kansu, a kan tsofaffin da 'ya'yansu suka kai gidan ajiye tsofaffi suka watsar. Shi Puneeth ɗin ya rasu a 2021 yana da shekara 46 kacal.

Ɗalibi a Bengaluru: Har yau hotonsa yana bayan keke napep ɗin garin nan ko'ina, Appu suke ce masa. An binne shi a Kanteerava Studio kusa da mahaifinsa Rajkumar, mutane suna zuwa da furanni kullum.

'Yar Gwale: To yanzu a ina zan samu Ranna ɗin? Na je wurin mai tura fina-finai na bakin layinmu na ce masa Ranna ya ce bai san shi ba.

Ɗan Kurmi: Ba zai sani da wannan sunan ba, masu fassara suna canza wa fim suna su sa nasu na Hausa, su kuma masu turi da wannan sunan suke ajiyewa. Ki ce masa fim ɗin Sudeep wanda ya zama direba a gidan gwaggonsa, ko ki nuna masa guntun bidiyon. In kuma na Pawan Kalyan kike so wanda aka ɗora wa Hindi sunansa Daring Baaz, ki rubuta haka a YouTube. Mirchi na Hindi Khatarnak Khiladi ne, Brindavanam kuma The Super Khiladi. Sunayen duk kamar na fim ɗin daba, kar su tsorata ki, 'yan kasuwa ne suke sa su don a danna. Abu ɗaya, kafin ki biya ki sa ya buɗe miki ki ja zuwa ƙarshe ki tabbatar fagen tashar yana ciki cikakke. Ni an taɓa tura min wanda aka datse minti goma na ƙarshe don ya shiga memori, na kai har wurin sai kawai rubutu ya hau, ranar ban yi barci da daɗi ba.

Anti Mai Atamfa: Kuma in mai fassarar Hausa ne ki ɗan saurara tukuna ke kaɗai. Wasu masu fassarar suna da kyau ƙwarai, wasu kuma sai su cusa barkwanci a wurin da ake kuka su ɓata fagen gaba ɗaya. In kin ga haka gara ki nemi mai rubutun Turanci a ƙasa ki riƙa gaya wa Mama abin da ake cewa, ai daɗin ma ya fi, kina kusa da ita.

Bazazzagi: Akwai na Tamil ma da Simbu ya yi a 2019, Ramya Krishna ce gwaggon, da na Bengali da Jeet ya yi. Amma kar ki wahalar da kanki, biyun nan sun isa.

'Yar Gwale: Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto. Na samu Ranna mai rubutu a ƙasa, mun kalla da Mama daren jiya bayan isha'i, ina fassara mata. Tana ganin matar ta ce wannan ai yarinyar Roja ce ta girma. Ta yi dariya sosai wurin Sadhu Kokila da Chikkanna ko da ba ta jin yaren. Da aka zo tashar jirgi na fara fassarawa sai muryata ta ƙi fita, Mama ta ce bar shi na gane. Baba ya dawo daga masallaci daidai lokacin, ya tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu ya kalla kamar minti biyu bai zauna ba, ya ce wannan tsohon ba shi ne mugun Wanted ba, na ce shi ne, ya ce hmm ya wuce ɗaki. Mama ba ta ce min komai a kan gwaggo ba. Da safe dai ina shara ta ce in Juma'a ta zo in tuna mata akwai turmin atamfa da ta ajiye a ƙasan akwati tun bikin yayata, za ta ba ni in kai wani wuri. Ban tambaye ta ina ba.

Yaya Ɗan Kurmi don Allah na Pawan Kalyan ɗin nawa ne nauyinsa, datata ta kusa ƙarewa amma ina son in ga Nadhiya ɗin nan da ake ta faɗa.

Ɗan Kurmi: Ki saukar da ƙaramin, 360 ya ishe ki a waya, ki bari sai dare in kina da datar dare.

Anti Mai Atamfa: Ki sa mayafinki mai kyau ranar Juma'ar 'yata, kuma ki tafi da wuri kafin a sauko daga masallaci gida ya cika da mutane.